ZAMAN ƘAUYE A KURMIN TAI

Kowace shekara, da an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, samari masu yawa na jahohin Tawa da Maraɗi da Damagaram sukan haɗa ƴan kayansu su nufi kudu biɗa. In aka tambayi tsohuwa ina ɗanta, amsarta guda ce: yana kurmi. Kalmar ta daɗe a bakin Bahaushe, tun zamanin fataken Gwanja masu kai kanwa da tufafi bisa jakai su komo da goro. Sai dai galibin masu tafiya yanzu a birane suke tsayawa, Abijan ko Buwake ko Kumasi, suna tebur, suna gashin nama, suna sayar da albasar Galmi. Har abincin nan na dambun rogo da soyayyen kifi da mutanen Abijan ke kira garba, daga ƴan Nijar masu sayar da shi ya samo sunansa. Kurmin kansa kuwa, inda itacen goro ke tsirowa, kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa kwana a cikinsa.

Saboda haka labarin da ke isowa gida na nesa ne: ƙasa ce mai ruwa kullum, ba fari, ba fara, abin da mutum ya jefa a ƙasa sai ya tsiro. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Wanda ke son jin sauran sai ya dubi ƙauyukan da ke kudu maso yammacin ƙasar Kodebuwa, a ɗan siririn yankin da ke tsakanin kogin Kabali, wanda shi ne iyaka da Laberiya, da babban gandun daji na Tai.

Hanya guda ce ta ratsa wannan yanki. Ta taso daga garin Giglo, ta bi ta Tai, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, sannan ta gangara kudu har Tabu a bakin teku. Shekara da shekaru hanyar jar ƙasa ce, wadda motocin gungumen katako ke farfasawa, ruwa kuma ya ƙarasa ta, har kamyo ya kwana biyu a cikin taɓo ana haƙa ana turawa. Ƙauyukan suna jere a bakinta kamar tsakiya a zare: Paule-Ula, Sakre, Para da sauransu. Asalin masu ƙasar su ne Ubi a kewayen Tai, da Gere a arewa, da Kuruman a kudu, dukansu dangin juna ne da mutanen ƙetaren kogi.

Ruwan da ke sauka a nan cikin shekara yana tsakanin milimita 1,700 da 2,200, wato ya ninka na Maraɗi wajen sau huɗu. Damana biyu ce, da ɗan tsagaitawa a tsakaninsu wajen watan Agusta, kuma abin da suke kira rani bai wuce daga Disamba zuwa Fabrairu ba. Hunturu yakan leƙo na ƴan kwanaki ya juya. Zafin bai kai na Tawa a watan Afrilu ba, amma iskar a jiƙe take dare da rana: wanki ba ya bushewa, gishiri yana narkewa a kwano, takalmin fata da aka ajiye mako biyu sai ya yi hunhuna. A inda ba a taɓa sara ba, manyan itatuwa suna kai mita 40 har 60, saiwoyinsu a tsaye kamar bangon ɗaki, kuma rana tsaka a ƙarƙashinsu kamar magariba take.

Siffar gari

Baƙon da ya sauka daga mota zai ga gari ɗaya, alhali garuruwa uku ne ko huɗu a wuri guda. A bakin hanya akwai unguwar masu ƙasa, da gidan mai gari da rumfar shari'a da kusheyin kakanni a ƙofar gida, an shafe su da siminti. Gaba kaɗan akwai unguwar da ake kira Julabugu, ta Musulmi ƴan arewacin Kodebuwa da Mali da Gine, inda masallaci yake da shaguna da mahauta. A nan ne ake samun ɗan Nijar in akwai shi, da teburinsa na sabulu da batir da takalman roba. Sai unguwar Mosawa ƴan Burkina Faso. Baule kuwa, mutanen tsakiyar ƙasa, ba su cika zama cikin gari ba. Sukan kafa tunga a tsakiyar gonakinsu, tafiyar awa ɗaya ko biyu a ƙafa, su sa mata sunan wanda ya fara sara a wurin su ƙara "kro" a ƙarshe. Kowace al'umma da shugabanta, kuma in magana ta taso, shugabannin ne ke zuwa gaban mai gari. A kasuwa da Julanci da Faransanci ake ciniki.

Ɗakunan na laka ne da aka yaɓa bisa ƙiraren itace, rufin na ganyen tukurwa ga marar hali, na kwano ga wanda kakawonsa ya yi kyau. Ba a ganin rumbu a tsakar gida, don danshi zai ruɓar da abin da ke ciki. Rumbun yana saman madafa: ana yin bene na sanduna bisa murhu, a jibge dammunan shinkafa a can, hayaƙin girki na kullum yana busar da su yana korar ƙwari. Ba a ganin garken shanu kuma, ba jaki, ba raƙumi, saboda ƙudan tsando. Ƴan gajerun awaki ne da tumaki da kaji ke yawo. Naman sa daga arewa yake zuwa a mota, shi ya sa yake da tsada. Abin miya na yau da kullum shi ne busasshen kifi, da katantanwa manya da yara ke tsinta bayan ruwa, da naman gyazbi ko gada da tarko ya kama.

Ruwa ya yi yawa, amma ruwan sha mai kyau ya yi kaɗan. Inda famfon gari ya lalace, mata sukan koma rafi, daga nan kuma ciwon ciki da gudawa. Sauro ba ya da lokacin hutu, don haka zazzaɓinsa ba na damana kaɗai ba ne kamar a ƙasar Hausa, na duk shekara ne, kuma shi ya fi kai yara gidan likita. Akwai kuma wani mugun gyambo da likitoci ke kira Buruli, mai cin fata ba tare da zafi ba da farko, wanda ya fi kama masu aiki a fadama.

Shinkafar tudu

Ga Ba'ubi ko Bagere, wanda bai ci shinkafa ba bai ci abinci ba, ko da ya ƙoshi da rogo da agada. Shinkafar tasu ta tudu ce, ruwan sama kaɗai ke shayar da ita, kuma aikinta a rabe yake tsakanin maza da mata. A watan Janairu da Fabrairu maza ke shiga da adda su share ƙananan itatuwa da kurangar daji, sannan su kayar da manya da gatari. A bar su su bushe, a sa wuta wajen watan Maris kafin ruwa ya kankama. Daga nan gona ta koma hannun mata. Su ke shuka a cikin toka, tsakanin kututture da gungumen da wuta ba ta cinye ba, su sa masara da kuɓewa da gauta da barkono a gefe. Maza sukan komo su kewaye gonar da shingen sanduna mai ƙofofin tarko saboda gyazbi, wanda in ya samu shiga yakan gama da gona cikin ƴan darare. In shinkafa ta fid da kai, yara ke kwana suna tashi a kanta da majajjawa da gwangwani suna korar tsuntsaye. Girbi kuwa zangarniya ɗaya ɗaya ake yanka da ƴar wuƙa, a ɗaure dami.

Abin lura a nan shi ne, gonar da aka sha wannan wahala a kanta shekara ɗaya take ba da shinkafar kirki. A shekara ta biyu sai rogo da agada, daga nan a bar ta ta koma daji. A zamanin da mutane ba su da yawa, shekara 15 ko 20 ake ba ta kafin a komo. Manomin Gobir da ke noma gonar kakansa kowace damana zai ce wannan ɓarna ce ko ƙyuya. Ba ko ɗaya. Masu ƙasar sun san abin da baƙo bai sani ba: ƙarfin kurmi yana cikin itatuwa ne, ba cikin ƙasa ba. Ganye yana faɗuwa, zafi da danshi da gara su ruɓar da shi nan da nan, saiwoyin da ke shimfiɗe a sama-sama su tsotse abin da ya fito su mai da shi sama. Baƙar ƙasar da ke ƙarƙashin ganye kaurinta bai wuce tafin hannu ba. Ƙasa da ita jar ƙasa ce mai tsami, wadda ruwan dubban shekaru ya wanke. In an sare itace an ƙone, tokar ita ce takin, kuma ruwan milimita 2,000 ba ya barin ta ta daɗe.

Zuwan kakawo

Kakawo, wanda ake yin shokola da ƴaƴansa, ba itacen Afirka ba ne, daga kurmin Amurka ta Kudu aka kawo shi. A Kodebuwa ya fara kafuwa a gabas, wajen Abenguru, kusa da iyakar Gana. Da gonakin can suka tsufa, sai noman ya matsa tsakiyar yamma, wajen Dibo da Ganyowa da Dalowa. Kudu maso yamma ta zauna a rufe har ƙarshen shekarun 1960, mutanenta ƴan kaɗan, hanyoyinta na masu sarar katako. Sannan gwamnatin shugaba Ufuwet Bwanyi ta gina tashar jiragen ruwa ta San Pedro a farkon shekarun 1970, aka buɗe hanyoyi, aka kira kowa ya zo. Maganar shugaban da ta bazu ko'ina tun shekarun 1960 ita ce, ƙasa ta wanda ya raya ta ce. Baule suka zo, cikinsu har da wasu daga cikin mutum wajen 75,000 da ruwan madatsar Kosu ya tayar. Mosawa da ƴan Mali suka biyo, musamman bayan farin 1973 da na 1984, waɗanda ba sai an tuna wa mai karatu da su ba. A kakar 1977 zuwa 1978 Kodebuwa ta wuce Gana ta zama ta ɗaya a duniya, kuma daga baya amfaninta ya kai wajen tan miliyan 2 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 na kakawon duniya duka.

Yadda baƙo ke samun gona abu ne mai sauƙi a wancan lokaci. Yakan sami wani dattijo cikin masu ƙasa ya zama mai masaukinsa. Ya kai masa kwalbar giya da kaza da ɗan kuɗi, dattijon ya shiga daji da shi ya nuna masa: daga wannan rafi zuwa wancan itace. Ba awo, ba takarda, ba shaida sai kakanni da aka zuba wa giya a ƙasa. Baƙon kuma ya ɗauki nauyin da ba ya ƙarewa: ya kai gaisuwa bayan girbi, ya taimaka in an yi rashin lafiya ko mutuwa a gidan mai masaukinsa. In ya kafu, shi ma sai ya aika gida a turo masa ƙanne da ƴan uwa. Su yi masa aiki shekara biyu ko uku, su tara abin kai wa wani dattijo. Da haka ƙauyen da dā bai fi gida ashirin ba ya wayi gari baƙinsa sun ninka ƴan gari.

Aikin kakawo na haƙuri ne. Ana dasa shi ƙarƙashin inuwar agada, iyali su ci agada da doya da gwaza suna jira shekara 3 zuwa 5 kafin ya fara ƴaƴa. Ƴaƴan a jikin gindi da manyan rassa suke fitowa, kowane kamar ƙaramar gwanda, da ƙwaya 30 zuwa 40 a ciki. Babban girbi daga Oktoba ne zuwa Maris, ƙarami daga Afrilu zuwa Satumba. Ranar fasawa gayya ake yi: maƙwabta su zauna a kewaye da tarin, kowa da addarsa ko kulki, mai gona ya ciyar da su. Sai a tara ƙwayar da farin ruwanta mai zaƙi a rufe da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 7 ta yi zafi ta canza launi, a ɗauko a shanya bisa gadon gora ko tamfol kamar mako guda. A lokacin shanya ba mai nisa da gida, don da hadari ya taso sai kowa ya ruga ya rufe. Duk garin sai ya ɗauki wani wari mai tsami, wanda ga mutanen wurin ƙamshin kuɗi ne. Da yawa cikin waɗanda suka tsufa a wannan aiki ba su taɓa sa shokola a baki ba.

Mai gona da ba ya iya aikin shi kaɗai yakan ba wani a kan sharaɗin da ake kira abusa, wato a raba uku: ma'aikaci ya ɗauki kashi ɗaya, mai gona biyu. Mai saye kuwa dillali ne da ke zuwa har tunga da babur ko ƙaramar mota da ma'auninsa, ko kuma wakilin ƙungiyar manoma. Shi ne kuma mai ba da bashi a watannin Yuli da Agusta, lokacin da kuɗin bara ya ƙare na bana bai zo ba, ga kuɗin makaranta yana tafe. Kurmi ma yana da nasa lokacin ƙunci, ko da yake ba hatsi ke ƙarewa ba.

Ga lissafi, don misali. Galibin gonaki hekta 2 ne zuwa 5, kuma hekta ɗaya takan ba da kamar kilo 500. Mai hekta 3 ke nan yana da kilo 1,500. Da farashin da gwamnati ta yanke a Oktoban 2023, jika ɗaya kowane kilo, ya sami jika 1,500. Ɗan abusa ya ɗauki 500. Saura jika 1,000 na shekara ɗungum, abin da bai kai jika 3 a yini ba, a gidan da ke da baki takwas ko goma, kuma a ciki za a sayi taki da maganin feshi. Wannan ne ya sa ake ganin yara da adda a gona lokacin da ya kamata suna aji. Wani bincike da jami'ar Shikago ta Amurka ta fitar a 2020 ya ƙiyasta yara wajen 790,000 ke aikin kakawo a Kodebuwa.

Farashin kuma ba a ƙauye ake yanka shi ba. A 1989, da kasuwar duniya ta faɗi, kilo ya sauko daga dala 80 zuwa dala 40 cikin ƴan watanni, kuma dattawa har yanzu da wannan shekara suke kwatance. A 2024 abin ya juya: cutar kumburin reshe da ruwan da ya zo ba kan ƙa'ida ba suka rage amfani a Kodebuwa da Gana, tan ɗaya ya haura dalar Amurka 10,000 a kasuwar duniya. Gwamnati ta ɗaga kilo zuwa sefa 1,500 a Afrilun 2024, ya kai 2,800 a Oktoban 2025. Wanda itatuwansa ke da lafiya ya yi rufin kwano ya sayi babur. Wanda cuta ta cinye gonarsa sai dai ya ji labari a rediyo.

Da daji ya ƙare

Kakawon da aka dasa a sabon sara yana yin kyau ba taki ba wahala, domin yana cin abin da kurmi ya tara. Bayan shekara 20 ko 25 sai ya fara ja da baya, kuma a jar ƙasar kudu maso yamma wasu gonakin ba su ma kai haka ba. Sake dasawa a tsohon wuri aiki ne ninki biyu: ƙasa ta gaji, inuwa babu, ƙwari sun yi yawa, ga wata ciyawa mai saurin yaɗuwa da manoma suka laƙaba wa suna Seku Ture, wadda ke rufe saura ta hana itace tasowa. Tun daga Abenguru, dabarar manomi ita ce ya bar tsohuwar gona ya nemi sabon daji a gaba. Wasu a yankin sun koma dashen itacen roba, mai ba da kuɗi kowane wata bayan shekara 6 ko 7, amma ba a shuka abinci a ƙarƙashinsa. Lissafin hukuma ya nuna inda wannan tafiya ta kai: kurmin Kodebuwa, da aka ƙiyasta hekta miliyan 16 a farkon ƙarni na 20, ya koma miliyan 7.8 a 1990, kuma ƙidayar da aka bayyana a 2021 ta same shi ƙasa da miliyan 3.

Ranar da daji ya ƙare, ranar ce aka fara tambayar abin da aka yi da kwalbar giya da kaza. Ƴaƴan masu ƙasa da aka tura makaranta da kuɗin gaisuwar baƙi sun rasa aiki a Abijan bayan karayar arziki ta shekarun 1980. Suka komo gida, suka tarar da dajin gidansu duka a hannun wasu. Su suna cewa iyayensu aro suka bayar. Baƙi suna cewa saye suka yi, ga itatuwan da suka dasa, ga ƴaƴansu da aka haifa a nan waɗanda ba su san wata ƙasa ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma dattawan da suka yi maganar da baki sun riga mu gidan gaskiya. Dokar filayen karkara ta Disamban 1998 ta ce ɗan ƙasa kaɗai ke iya mallakar fili, ta kuma umurci kowa ya nemi takardar shaida, amma awo da takarda sun fi ƙarfin aljihun talaka, kuma shekaru suka wuce ba a yi wa filaye da yawa ba.

A Nuwamban 1999, bayan wata gardamar gona da ta kai ga kisa a yankin Tabu, an kori ƴan Burkina sama da 10,000 daga ƙauyukan Kuruman. Yaƙin da ya ɓarke a 2002 da rikicin zaɓe na 2010 zuwa 2011 sun fi muni a yammacin ƙasar, inda maganar siyasa ta haɗu da maganar gona, ga kuma ƴan bindiga masu ƙetaro kogi daga Laberiya. Ƙauyuka suka watse, wasu suka gudu suka komo suka sami wani a gonarsu. Wannan wuta ta taɓa Nijar kai tsaye: ranar 8 ga Yunin 2012, sojojin Nijar bakwai na rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka rasu a wani kwanton ɓauna kusa da ƙauyen Para, a kan wannan hanya ta kudancin Tai, sun fita ne don kare mutanen ƙauyukan. Fararen hula da dama sun mutu a hare-haren waɗannan kwanaki.

Tun daga lokacin an sami wata sabuwar yarjejeniya da ta yaɗu, wadda suke kira dasa a raba: mai ƙasa ya ba da fili, baƙo ya dasa ya yi reno, in itatuwa sun fara ƴaƴa a raba gonar, galibi biyu, ƙasa kuwa tana nan ta mai ita. Yanzu akan rubuta takarda a gaban mai gari da shaidu. Ba ta kashe gardama duka ba, amma ta fi kaza.

Maƙwabcin da ba a shiga gidansa

Gabas da ƙauyukan, bayan gonaki na ƙarshe, kurmi na asali yana tsaye kamar bango. Shi ne gandun Tai, wanda aka kafa a 1972, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1982. Faɗinsa ya haura hekta 500,000, kuma shi ne mafi girman abin da ya saura na irin wannan kurmi a Afirka ta Yamma. A cikinsa akwai giwar kurmi da damisa da wata ƙaramar dorina da ba ta fi ɗan maraƙi girma ba, da birai iri iri. Akwai kuma manyan biran nan da ake kira shimpanze, waɗanda masanin nan Kiristof Bosh ya fara bi tun 1979. Sukan ɗora ƙwallon itace bisa saiwa su fasa da dutse ko guntun itace, uwa tana yi ɗanta yana kallo har ya koya.

Ga mutumin ƙauye, gandun abu biyu ne. Wasu samari sun sami aiki a ciki, na rakiyar masu bincike da baƙi masu yawon buɗe ido. Amma dajin da kakansa ke farauta da ɗiban magani da ƴaƴan makore na yin mai, yau in ma'aikatan gandun daji suka same shi a ciki da bindiga ko tarko, sai kotu. Birai kuma ba su san iyaka ba, sukan fito su sha ƴaƴan kakawo su koma. A 2014, lokacin annobar Ebola a Laberiya da Gine, gwamnati ta hana cin naman daji gaba ɗaya na wani lokaci, abin da ya taɓa tukunyar kowane gida. Duk da haka gandun Tai ya tsira fiye da sauran dazuzzukan hukuma na yammacin ƙasar, irin su Gwan-Debe, waɗanda kakawo ya cinye galibinsu a shekarun rikici.

Abin da ma'aikatan gona ke kira a kai yanzu shi ne a mai da itatuwa cikin gonakin kakawo, su ba da inuwa su riƙe ƙasa. Manoma sun daɗe suna ƙin haka, kuma suna da dalili. A tsohuwar doka, babban itacen da ya tsiro da kansa a gona ba na mai gona ba ne: kamfanin katako mai takardar hukuma yakan zo ya kayar da shi, ya murƙushe kakawo, ya ja gungumensa ya tafi. Don haka mai hankali yakan kashe itacen tun yana ƙarami, ko ya sa masa wuta a gindi. Manoman jahar Maraɗi sun san irin wannan, domin su ma ba su fara barin gawo da kalgo su taso a gonakinsu da yawa ba sai daga tsakiyar shekarun 1980, da suka tabbata itacen da suka rena nasu ne. Dokar daji ta Kodebuwa ta 2019 ta ba mai fili ko wanda ya dasa mallakar itace. Sai dai a ƙauyen da ba a gama sanin mai fili ba, tambayar tana nan. Itacen goro kaɗai ne bai taɓa shiga wannan gardama ba. An daɗe ana barin sa a tsakiyar kakawo, mata su ɓare, su jera a kwando da ganye, a kai Anyama kusa da Abijan, daga can manyan motoci su hau da shi arewa.

Daga waje ma an matsa. A 2023 Tarayyar Turai, wadda ita ce babbar mai sayen kakawon ƙasar, ta kafa doka cewa ba za ta karɓi wanda aka noma a dajin da aka sare bayan ƙarshen 2020 ba. An ɗage fara aiki da dokar, amma ma'aikata sun riga sun bi tunga tunga suna auna gonaki da na'ura, suna ba manoma kati mai lamba.

Samarin tungayen kuwa ba su jira ba. Tun wajen 2018, ƴaƴa da jikokin waɗanda suka sare kurmin Tai suke ƙetare kogin Kabali a kwalekwale zuwa yankin Giran Gede na Laberiya, inda manyan itatuwa ke tsaye har yanzu kuma mutane ba su da yawa. Sukan tafi da adda da buhun irin kakawo, su nemi wani dattijo cikin masu ƙasa, waɗanda harshensu ɗaya da Gere, ya shiga daji da su ya nuna musu daga wane rafi zuwa wane itace.